Marowaciya, Tsohuwar Motar Gidanmu

A wannan fili namu an saba kawo mana zancen girki da reno da ɗinki, to, ni yau zancen mota na zo muku da shi. Kada wata ta ce ina ruwan biri da gada, ta juya shafi. Ku daure ku ji ni har ƙarshe, don ina so in nuna muku cewa hannun da ya iya riƙon ɗaki shi ne ya iya riƙon inji, kuma ranar da duniya ta juya baya, wannan hannun yana iya ciyar da gida.

Garinmu Jibiya yana bakin iyaka ne, kusan mil 30 daga birnin Katsina. In an wuce Magama sai Ɗan Isa cikin ƙasar Nijar, daga nan sai Maraɗi. Tun muna yara mota ce abincin garin nan. Amma mu a nan ba a tambayar kyan mota, abin da ake tambaya shi ne buhu nawa take ɗauka. Za ku ga an labta wa mota gero da wake har bayanta yana shirin taɓa ƙasa, mutane a ciki, mutane a bisa, kaji na reto a gefe, sa'an nan a ce madalla da mota. To, a cikin irin wannan gari ne gidanmu ke riƙe da motar da ba ta ɗaukar kowa sai direba da mutum ɗaya tak. Don haka 'yan tasha suka sa mata suna Marowaciya, sunan kuwa ya bi ta har yau.

Sunanta na yanka MG, samfurin da ake kira MGB. An ƙera irinta a wani gari wai shi Abingdon, kusa da Oxford a Ingila, daga 1962 zuwa 1980, an kuwa yi fiye da 500,000, mafi yawansu aka sayar a Amurka. Ita da 'yan'uwanta su Triumph da Austin-Healey da Jaguar, Turawa sun yi su ne don shan iska da gudu da jin daɗin tuƙi. Rufinta na tamfol ne, ana naɗe shi baya kamar laima. Ƙasa-ƙasa take ƙwarai, tsakanin cikinta da ƙasa bai wuce inci 5 ba, in kin zauna ciki sai ki ji kamar kan tabarma kike. An rufe masana'antar a watan Oktoba na 1980, sunan MG kuwa daga baya ya koma hannun wani kamfanin ƙasar Sin. Saboda haka sababbin da ke ɗauke da sunan, takwarorinta ne kawai.

Yadda ta shigo gidanmu kuwa, ga shi. Kafin ran 2 ga Afrilu 1972, a Nijeriya ta hagun hanya ake tuƙi, kamar Ingila, a Nijar kuwa ta dama, kamar Faransa. Direban da ya tashi daga Katsina za shi Maraɗi, da ya ƙetare iyakarmu sai ya koma ɗaya gefen hanya, in zai dawo ya sake juyowa. Mahaifina ya yi shekaru yana wannan juyi da babbar motarsa Bedford, kafin ya bar tuƙi ya zama bakanike. Da ƙasar nan ta koma tuƙin dama, sai motoci masu sitiyari a dama suka faɗi a kasuwa. A lokacin ne wani Bature malamin makaranta da ya gama aiki zai koma gida ya rasa mai sayen tasa. Wa zai sayi mota mai kujera biyu, ga sitiyari a gefen da aka bari? Baba ya saye ta da araha. Ranar da ya shigo da ita, Inna ta leƙo, ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Malam, wannan ai ko akuya ba ta ɗauka ba." Ya ce, "Ta ɗauke ni, ta ɗauke ki, me ya rage?" Daga baya ya sa aka kawo masa kaya ta Kano ya mai da sitiyarin hagu. Aikin bai gagara ba, don tun asali maƙeranta sun bar wuri a gefe biyu saboda kasuwar Amurka.

Yayyena maza suna tasha wajen manyan motoci, ba su da lokacin abin da suke kira kayan wasa. Ni ce mai riƙe masa tocila da magariba. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake ce mini. Sai ya kwanta ƙarƙashin mota ya ce, "Uwata, miƙo mini sifana rabin inci." Ku 'yan makaranta, ku ji wannan da kyau: wajen sifanu na gane lissafin ɓangare da ya gagare ni a allo. Da na jera 7/16 da 1/2 da 9/16, na ga kowace ta ɗara 'yar'uwarta kaɗan, sai na gane ashe 1/2 shi ne 8/16. Notunan wannan mota duk da inci aka auna su, ba da milimita ba kamar na motocin Faransa da Japan. Wanda ya ɗora musu sifanar milimita don ta yi kusa, sai ya cinye kan notin ya mai da shi mulmulalle, aikin minti biyar ya zama na yini guda.

Baba yakan ce kowace ƙasa da abokin gabar motarta. A Ingila tsatsa ce, saboda ruwan sama da gishirin da suke watsawa a hanya lokacin ƙanƙara. Motoci da yawa irin wannan a can injinsu lafiya lau, jikin ya rube. Mu kuwa busasshiyar iskarmu ta tsare mana ƙarfe, har yau jikin Marowaciya ba ɓula. Namu abokan gaba uku ne: ƙura, da rana, da zama.

Ƙura ita ce babba. In ta shiga inji ta haɗu da mai, sai ta zama kamar tokar da muke goge tukunya da ita, tana cin ƙarfe a hankali ba a gani. Don haka da hunturu ya kama nakan cire matacin iska kowane mako in kakkaɓe, in ya toshe in sake sabo, baƙin mai kuwa ba na jira ya cika mil 3,000 kafin in juye shi. Rana kuma roba take ci. Tiyon ruwa, da tiyon fetur, da fanbel, da taya, duk sukan tsattsage ko da mota ba ta tafi ko'ina ba. Matsa tiyo da yatsa kamar yadda kike matsa tumatir a kasuwa. In ya yi tauri kamar ice, ko ya yi laushi kamar ɗanko, kwanansa ya ƙare. Zama kuwa shi ke gayyato baƙi. Ɓera ya shiga ya ci waya, kaza ta yi ƙwai a kan kujera, zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a bakin ƙaramin bututu ya toshe shi, a yi ta neman ciwo a inda ba ya nan.

Kowace Asabar da safe, kafin rana ta yi zafi, akwai ruwa huɗu da nake dubawa. Na fari baƙin mai: a zaro sandar awo, a goge, a mayar, a sake zarowa, a ga yana tsakanin alamu biyu. In ya yi fari-fari kamar an dama fura, ruwa ya shiga, a tsaya a nemi dalili. Na biyu ruwan lagireto, shi kuwa sai inji ya huce sarai ake buɗe shi. Ba na zuba masa ruwan rijiya, don yana barin farin dutse a ciki kamar yadda yake yi wa butar shayi. Na uku man birki da na kuloci. Na huɗu ruwan batir. Masu irin wannan mota na farko batir biyu gare su, kowane mai bolt 6, an ɓoye su bayan kujeru, don haka ake mantawa da su har su bushe. Kuma waɗanda aka yi kafin ƙarshen 1967, irin tamu, kan batir mai alamar tarawa ne aka ɗaure a jikin mota, saɓanin motocin yanzu. Duk mai gyaran waya da zai taɓa ta, wannan nake fara gaya masa kafin mu gama gaisawa.

In an murɗa makulli, kada a yi gaggawar tayarwa. A kasa kunne tukuna. Daga baya za a ji famfon fetur yana ƙas-ƙas-ƙas kamar agogo, da sauri, sa'an nan ya lafa. Wannan shi ne alamar mai ya iso. In ba a ji komai ba, sau da yawa bakin wutarsa ne ya yi datti, a ɗan ƙwanƙwasa shi da ƙotar sukundireba sai ya farka, amma fa wannan kai-ni-gida ne, sai an buɗe an goge. Kafireto kuma biyu gare ta, irin da ake kira SU, kowanne da ɗan murfi a ka inda ake ɗiga masa mai kamar keken ɗinki. Su biyun kamar kishiyoyi suke, in ba a raba musu daidai ba gida ba ya zama lafiya. Yadda Baba ya koya mini shi ne in ɗauki guntun tiyo, baki ɗaya a kunnena, ɗaya a bakin kafireto, in ji hucin wannan, in ji na wancan, in yi ta juya ɗan sukuru har muryarsu ta zama ɗaya.

Fulogi shi ne harshen mota, da shi ake gane lafiyar cikinta. A kwance shi a duba bakinsa. In ya yi ƙasa-ƙasa kamar soyayyar gyaɗa, komai daidai. In ya yi baƙi kamar gindin tukunya, fetur ya yi yawa ko iska ta toshe. In ya yi fari fat, fetur ya yi kaɗan, inji yana shan zafi. Matar da ta san tuwo ya nuna daga ƙamshinsa, wannan ba zai gagare ta ba. Tazarar bakin fulogi inci 0.025 ce, ta kwantak kuwa 0.015, akwai ɗan ma'auni mai fallayen ƙarfe kamar wuƙar aljihu da ake gwada su da shi. Ƙafafun gaba suna da 'yan nonuwa da ake ɗura wa giris. Tayoyinta kuma masu wayoyi ne irin na keke, babban noti guda ke riƙe kowace, da guduma mai taushi ake bugunsa. Na gefen dama a juye yake kwancewa. Abin da za a riƙe shi ne, kowane gefe, in za a kwance a buga saman notin wajen gaban mota, in za a ɗaure a buga wajen baya. Na ga ƙato ya yi gumi sharkaf yana ƙara ɗaure abin da yake so ya kwance, don ya ƙi jin maganar mace.

Akwai kuma zancen fetur. An yi injin nan ne a zamanin da ake zuba dalma cikin fetur, ita ke tsare mazaunin bawul daga ci. An daina wannan fetur saboda dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yara, ƙasar Aljeriya ce ta ƙarshe, a 2021. Mu tuni muka kai kan injin Kano aka sa masa mazaunai masu tauri. Sauran kaya kuwa ba su ɓace ba, har gobe ana ƙera su a Ingila saboda masu son tsofaffin motoci, ƙananan abubuwa kuma akan dace da makamancinsu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, in dai an je da tsohon a hannu.

To, amma ku ji gargaɗi, don rai ya fi mota. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai ke riƙe da ita, sai an tokare da ƙarfen tsaye ko gungume mai ƙarfi. In inji yana aiki, a ɗaure ɗankwali tamau, a ajiye mayafi da awarwaro, don fanka ba ta san kunya ba. Kada a tayar da mota cikin rufaffen ɗaki, hayaƙinta yana kisa ba a ji ba. Fetur da murhu ba sa zama gida ɗaya, kuma ba a zuƙo shi da baki. Tsohon baƙin mai a adana shi cikin galan mai murfi, nesa da rijiya da hannun yara. Cikin birki, da walda kusa da tanki, da gyaran cikin inji, waɗannan na masu sana'a ne. Sanin inda hannunki ya tsaya shi ma ilimi ne.

Da Allah ya yi wa Baba rasuwa aka zo rabon gado, sai 'yan gwangwan suka zo da ma'auninsu, suka yi wa Marowaciya kuɗi bisa nauyin ƙarfenta. Babban yayanmu ya ce a sallama, a huta. Na durƙusa na ce, "Yaya, ina roƙon arziki. A yi mata kuɗi na gaskiya, a sa ta cikin rabona." Ya ce, "Ke kuwa me za ki yi da ita? Ga gona, ga tumaki, ki ɗauki abin da ke haihuwa." Na ce, "Yaya, ita ma tana haihuwa, sai dai ba a ganin 'ya'yanta da wuri." Aka yi dariya, aka ba ni ita, da akwatin sifanu, da littafin da Baba ke rubuta ranar kowane gyara. Maigidana ya kafa mata rumfa a bayan zaure. Shekara da shekaru dangi suna yi mini kallon wadda ta sayar da saniya ta sayi tsuntsu.

'Ya'yan nata sun bayyana a watan Agusta na 2019, sa'ad da aka rufe iyakokin ƙasa. A watan Nuwamba na shekarar kuma aka hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Tasha ta yi tsit, fatauci ya tsaya, na maigidana har da shi. Ba a buɗe ƙofar Jibiya ba sai Afrilu 2022, aka sake rufewa a Agusta 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris 2024. Na ɗora Marowaciya kan tokara don kada tayoyi su kwanta, na tsiyaye tsohon fetur don kada ya daskare kamar ƙaro, na cire batir, kowane mako in juya injin. Motoci da yawa da aka jingine a lokacin ba su sake tashi ba. Ita kuwa da aka zuba mata sabon mai, ta yi tari sau biyu ta kama. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Amma ba tashin motar ne ya riƙe gidanmu ba. Wata rana maƙwabciyata ta shigo ranta a ɓace, injin markaɗenta ya ƙi tashi, ga shi da shi take ciyar da marayu huɗu. Ta sayi man kwalba wajen 'yan bumburutu, ya zo da ruwa da datti. Na duba, sai na ga ashe ƙanen Marowaciya ne: ga fulogi, ga kafireto, ga matacin iska. Kafin la'asar yana ruri. Labari ya bi gida-gida. Aka fara kawo mini janareta, da injin niƙa, da injin ban ruwa na masu lambu a bakin dam. Matan da ba sa fita suka ji daɗi sun sami wadda za ta shiga har tsakar gida ba sai an jira maigida ba. Da ɗan abin da ake ba ni muka sayi hatsi, muka biya kuɗin makarantar yara, ba mu miƙa wa kowa hannu ba. Yaya da kansa ya aiko da janaretansa a baro, da saƙo cewa a gaya wa Uwata ta yi gaskiya.

Kada ku zaci mace da sifana baƙon abu ne a duniya. A 1888 wata Bajamushiya, Bertha Benz, matar Karl Benz maƙerin mota, ta ɗauki 'ya'yanta maza biyu ta tuƙa motar mijinta wajen mil 66 zuwa garin mahaifiyarta, ita ce ta fara yin doguwar tafiya a mota. Da bututun mai ya toshe a hanya, da tsinken hularta ta buɗe shi, da birki ya cinye kuma ta sa baduku ya buga masa fata. Sarauniya Elizabeth, wadda ta ziyarci Kaduna da Kano a 1956, ta koyi tuƙi da gyaran mota cikin aikin soja a 1945, tana 'yar sarki. A ƙasarmu ma Sandra Aguebor ta kafa wata ƙungiya a 2004 don koya wa 'yan mata kanikanci. Ba wadda baƙin mai ya rage wa daraja a cikinsu, sabulu yana wanke shi.

Na sani ba kowane gida ke da tsohuwar motar Ingila ba, amma ba gidan da ba shi da abin da ke bukatar kulawa. Ku fara da keken ɗinki, ko risho, ko injin taliya, ko keken ƙanenku. In za ku kwance abu, ku shimfiɗa faifai ku jera notuna bi da bi yadda kuka ciro su, na ƙarshen fita shi ne na farkon komawa. Ku sami ɗan littafi ku riƙa rubuta abin da kuka yi da ranar da kuka yi. In abu ya ƙi kwancewa, ku ɗiga masa mai ku ba shi lokaci, ƙarfi ba ya gyara. Ku iyaye kuma, in kun ga yarinya tana leƙen bayan mahaifinta ko yayanta sa'ad da yake gyara, kada ku kore ta da cewa aikin maza ne. Ku miƙa mata tocila. Ba ku san ranar da za ta haska muku gida da ita ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan yi muku bayanin yadda ake wanke kafireton ƙaramin janareta da kayan da ke cikin ɗakinku. Wadda ke da tambaya ta aiko ta hannun Edita. Allah ya sa albarka a hannuwanmu. Haza wassalam.

Taku,
Wata uwar gida daga Jibiya